Fenti ya shaƙe mini kan jirgi, ya lalace ke nan?

Wani yaro daga cikin 'ya'yanmu na nan Madina ya turo mini hotuna uku da wannan tambaya: "Kawu, na sayi ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa na kwal, irin wanda ke tafiya da lantarki a kan siririn layi, girman HO, ƙirar Jamus. Burina in mayar da shi kamar waɗanda ke ajiye a tsohuwar tashar Anbariyya. Na shafa masa baƙin fentin gwangwani da burushi har sau biyu. Yanzu yana ƙyalli kamar takalmin ɗan sanda, kawunan ƙusoshin jikinsa sun nutse, kuma in na ɗora shi a layi sai ya riƙa tafiya yana tsayawa. Ya lalace ke nan?"

Bai lalace ba, ɗana. Ya dai sha fentin da ya fi ƙarfinsa. Ni da na shafe shekaru ina fentin motoci a Jidda kafin in dawo Madina, irin ɓarnar da na yi wa kan jirgina na farko ta ninka taka, domin na zo da hannun mai fesa bodin mota, ban san nan wata duniya ce daban ba.

Fara da lissafi, shi ne zai hana ka sake faɗawa wannan rami. HO na nufin an rage komai sau 87. To fenti shi ba ya raguwa, yadda ya fito daga gwangwani haka yake hawa. Shafa ɗaya ta burushi mai nauyi takan kai kusan kashi ɗaya bisa goma na milimita. Ka yi biyu. Ninka da 87, ka ga ka yaɓa wa jirgin abin da ya haura santimita ɗaya da rabi, kaurin ɗan yatsa. Wannan ai ya tashi daga fenti ya koma yaɓen magina. Kan ƙusa kuwa, wanda a jirgin gaske faɗinsa bai wuce santimita biyu zuwa uku ba, a naka ya koma kamar kashi uku bisa goma na milimita, tudunsa ma bai kai haka ba. Ina zai tsira?

Saboda haka fentin nan sai ya sauka. Raba gangar jikin da ƙasan da ke ɗauke da mota, wato ɗan injin lantarkinsa, da ƙafafu. Yawanci ƙusa ɗaya ko biyu ce ke riƙe da su, wani lokaci tana ɓoye cikin bututun hayaƙi. Ɗauki hoto a kowane mataki don ranar mayarwa. Ciro gilasan tagogi ka ajiye gefe, ba sa jure jiƙo. Sai ka nemi sinadarin isofurofil mai ƙarfin 99, wanda masu gyaran waya ke wanke allon waya da shi; na kantin magani mai ƙarfin 70 ya yi sanyi. Jiƙa gangar jikin a kwalba mai murfi, kana dubawa duk bayan awa guda kana gogawa da tsohon burushin haƙori. In fentin mai ne kuma ya riga ya ƙeƙashe, zai iya yin gardama. A nan kumfar wanke tanda ke aiki: fesa, ɗaure a leda, bar shi ya kwana, ka wanke da safar hannu. Amma roba kaɗai ake yi wa haka, don kumfar tana cin alminiyam da irin ƙarfen zubi da ake yin ƙasan waɗannan jiragen da shi. Kowanne za ka yi, gwada shi tukuna a cikin cikin gangar, inda ido ba ya kaiwa. Abin da ba za ka kusanta da shi ba ko da wasa shi ne tinan masu fentin mota da ruwan goge farce. Narka robar suke yi. Garin neman gira ka rasa ido.

Tsayawar da yake yi ba ciwon mota ba ce. A hotonka na uku na ga baƙi a kan fuskar ƙafafun, wurin da suke taka layi, kuma ta nan wuta ke shiga. Shimfiɗa tishu a kan layin, ɗiga masa isofurofil, ɗora rabin ƙafafun a kai, sauran su taɓa ƙarfe, ka ba shi wuta kana riƙe da shi su yi ta juyawa har baƙin ya daina fita. Juya shi ka yi wa ɗaya rabin. Duba kuma siraran tagullar nan da ke gogar bayan ƙafafu, ka share su da tsinken sakace. Kada ka sa sanfara, wato takardar yashi ta goge katako, tana barin zane da datti zai maƙale a ciki, kada kuma ka sa soson ƙarfe, maganaɗisun mota zai zuƙe ɓurɓushinsa.

Kafin ka taɓa wani fenti kuma, ɗauki wayarka ka tafi Anbariyya, tsohuwar tashar layin Hijaz da ta koma gidan tarihi. Gani ya kori ji. Layin Hijaz an fara shi a 1900 zamanin Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu na Turkiyya, ya taso daga Dimashƙa ya iso Madina a 1908, tafiyar da ta haura kilomita 1,300. Kawunan jiragensa daga Turai aka kawo su, daga kamfanoni irin su Krauss na Munik, Hartmann na Kemnis, Jung, da SLM na Suwizalan. Ka ga ke nan da ka sayi ƙirar Jamus ba ka yi nisa da gida ba. Inda aka rabu shi ne faɗin layi. Na Hijaz milimita 1,050 ne. Layin HO da ka saya, mai milimita 16.5, yana wakiltar 1,435 ne, wato irin wanda jirgin Haramain ke gudu a kai tun 2018. Raba 1,050 da 87, za ka sami 12 da ɗan ɗigo. Abin daɗin shi ne akwai layi mai milimita 12 daidai a kasuwa, ana ce masa H0m, kamfanoni irin su Bemo da Tillig suna ƙera jiragensa. An yi shi ne don layukan Turai masu faɗin mita ɗaya, amma a lissafi ya fi dacewa da namu fiye da waɗanda aka yi shi dominsu. Ban ce ka jefar da naka ba. Wannan shi ne allon koyon rubutunka. In hannu ya faɗa, na biyu ka saye shi a H0m.

A tashar, siffa za ka ɗauko, ban da launi. Ƙirga ƙafafu. Da yawa cikin jiragen Hijaz tsarinsu 2-8-0 ne, ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu ja, babu komai a baya. Dubi gaban jirgin: naka yana da faifan karo biyu, dama da hagu, irin na manyan layukan Turai, na Hijaz kuwa guda ne a tsakiya. Yanke biyun nan ka dasa ɗaya, wannan kaɗai ya sauya masa fuska. Dubi fitila, dubi ragar ƙarfen da ke ture abin da ya faɗo kan layi, dubi inda bututu ya fito da inda ya shiga. Ɗauki kowane abu ta gefe sosai, da wani abin da ka san tsawonsa a kusa, ko da takalminka ne.

Duk wani ƙari ana yin sa ne kan roba tsirara. In aikin ya yi maka yawa, zaɓi guda: ƙarfen riƙo da ke bin gefen tukunya. A jirage masu sauƙin kuɗi, ɗan tudu ne kawai aka zuba manne da jiki. Kankare shi da sabuwar reza, kana jan ta a kwance, ka huda da bakin huji na milimita 0.4 a ɗan abin hujin hannu irin na masu gyaran agogo, ka sa wayar tagulla ta milimita 0.3 ko 0.4. Ƙarfen gaske ya ɗan haura santimita uku, ka ga lissafin ya fita. Da zarar haske ya ratsa tsakanin wayar da tukunya ya jefa inuwa, abin ya tashi daga kayan wasan yara. Gam mai kamawa nan take, da bakin allura ake ɗaukarsa, kada bakin kwalbar ya taɓa jirgin. Bututun ruwa kuwa, silin wayar lantarki da ka fere ya isa. Ni dai ra'ayina, ƙari uku da suka zauna daidai sun fi ashirin da suka karkace, domin ido karkataccen yake fara kamawa.

In ka gama, wanke shi da ruwa da sabulun kwanuka, ya bushe sarai, daga nan kada yatsa ya sake taɓa shi. Soka masa sanda ta ciki ka riƙe. Sai fentin shimfiɗa, wanda mutanen Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, ke kira asas. Toka-toka ya fi, don yana tona duk wani zane da ragowar gam. Na gwangwanin feshi da Tamiya ke yi wa ƙananan kaya yana da laushin da ba ya cike ƙusa. Girgiza shi minti biyu, riƙe shi kamar taƙin hannu ɗaya daga jirgin, fara fesawa a iska ka wuce ta kansa ka ƙare a iska. Wucewa biyu ko uku. Ko kana hango launin robar kaɗan-kaɗan ta ƙasa, ya isa.

Burushi ba haramun ba ne, amma ga gangar jiki ƙaramar bindigar feshi ce maganin abin, mai baki 0.2 ko 0.3, iskar kwamfuresa tsakanin 15 da 20 a ma'aunin PSI. Fentin ruwa irin na Tamiya ko Vallejo za ka nema, kowanne da ruwan tsinka shi na kansa. Na Tamiya lambarsa X-20A. Tsinka shi ya koma kamar ɗanyar madara, in ka shafa a jikin kofi ya gangaro ya bar ɗan hazo. Shafa uku huɗu sirara, kowace ka bar ta ta sha iska.

A nan ne garinmu ke shigowa, kuma abin da Turawan da ke koyarwa a YouTube ba za su faɗa maka ba ke nan, don ba su san zafin da ya haura 40 ba. Iskar Madina busasshiya ce. Fentin ruwa yakan bushe tun yana hanya tsakanin bindiga da jirgi, ya sauka gari-gari, jikin ya yi kaushi kamar sanfara. Na taɓa hawa saman soro da hantsi a watan zafi ina ganin na sami wuri mai iska, na sauko da jirgi kamar an birkiɗa shi a yashi. Magani: matso kusa, kamar santimita 10, ƙara ruwan tsinkawa, ɗiga maganin jinkirta bushewa, kuma ka yi aikin bayan sallar asuba. Idan a ɗaki ne, kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yayin feshin, buɗe taga, sa abin rufe hanci na masu fenti. A Jidda kuma akasin haka ne: laima ce ke taruwa a tiyo, kana tsakiyar aiki bindiga ta tofa maka ɗigon ruwa, ko ruwan rufi, wato garai-garan da ake fesawa a kan fenti, ya bushe da farin hazo. Wanda ke can dole ya sa matatar ruwa a bakin kwamfuresa. Da ka gama, kife masa roba mai tsabta, ƙurarmu ba ta neman izini. Kuma kada ka bar jirgi ko gwangwanin feshi a mota. Wani nawa na bari a gaban gilashi na shiga sallar azahar, na fito rufin ɗakin direba ya lanƙwashe kamar ganye.

Yanzu launi. Waɗanda ke gidan tarihi an yi musu kwalliya ne don baƙi, sabon fenti mai sheƙi, ba su ga kwal ba shekara da shekaru. Jan da ke ƙafafun naka kuma al'adar jiragen Jamus ce ta shekarun 1920, bayan zamanin da kake son nunawa, rufe shi. Sannan baƙi wuluk ba ya yi wa ƙaramin abu kyau. In ka kalli jirginka daga rabin mita, daidai yake da kallon na gaske daga mita 43. Tsaya a bakin titi ka dubi baƙar mota daga wannan nisa da rana, za ka ga ta koma toka mai duhu. Haɗin da nake yi da fentin Tamiya: kashi uku na baƙi XF-1, kashi ɗaya na toka mai duhu XF-63, da ɗigon ruwan ƙasa mai ja-ja XF-64 don ya ɗan yi ɗumi. Akwatin hayaƙi, wato gaban tukunya da bututunsa, ƙara masa toka ya fi sauran haske, kada ya yi ƙyalli ko kaɗan, don wuta ce ke gasa shi kullum. Ƙasan jirgin kuma, rufe motar da tef, ba shi wuta kaɗan ƙafafun suna juyawa kana fesawa sama-sama, in ba haka ba sandunan da ke haɗa ƙafafu za su bar maka inuwar ja a bayansu. Share fuskar ƙafafun nan take tun fentin bai kama ba.

Lamba da rubutun larabci na gefen ɗakin direba, a takardar sitika ta ruwa ake buga su. Firinta ta gida ba ta buga fari ko ruwan zinariya, don haka dabara ita ce ka shafa ruwan tagulla a wurin, ka buga baƙin fili da rubutun a buɗe kan takarda mai garai-garai, tagullar ta leƙo ta cikin haruffa. Sitika tana son wuri mai santsi. Fesa ruwan rufi mai ƙyalli, X-22, a wurin tukuna, in ba haka ba iska za ta maƙale a ƙasa ta yi fari-fari. Bayan ta bushe ka rufe jirgin duka da ruwan rufi marar ƙyalli, XF-86.

Tsufar da jirgi shi ne inda na fi ganin yaranmu suna kwafar abin da ba nasu ba. Sukan kalli na Ingila su zuba masa tsatsa ja har tana zuba. Can ruwan sama ne ke wanke jirgi kullum. Jirgin da ke aiki tsakanin Tabuka da Madina abokan gabarsa uku ne: ƙura, rana, da ruwan rijiya. Ruwa ya kasance babbar wahalar wannan layi, kuma ruwan da ake samu mai nauyi ne, irin wanda ke barin farin ɓawo a cikin butar shayi. To haka yake bari a jikin tukunya, duk inda ya ɗiga ko tururi ya fita: ƙarƙashin bawul ɗin da ke saman tukunya, bakin bututun da ke shigar da ruwa, gefen tankin da ake cikawa. Ɗauki farin fentin mai na masu zane, taɓa shi da ɗan launin ƙasa don kada ya yi fari fat, ɗiga ɗigo kamar kan allura, sai ka ja shi ƙasa da burushi mai ɗan danshin farin tina marar wari, na masu zane. Ja har ya kusa ɓacewa. Fentin mai ba ya tayar da na ruwa da ke ƙasa, shi ya sa in bai yi maka ba kana iya gogewa ka sake. Layi uku ko huɗu a gefe guda sun isa, kada kuma na dama ya yi kama da na hagu.

Ƙura daga ƙasa take tasowa. XF-57 mai launin yashi da aka tsinka sosai, kashi ɗaya na fenti da tara na ruwan tsinkawa, ka fesa daga ƙasa kana kallon sama, ta kama ƙafafu da ƙasan tanki, tana raguwa kafin ta kai tsakiyar tukunya. Ka zaɓi inda jirginka yake: wajen Ula da Hijir, arewa da Madina, duwatsun yashi ne masu ja-ja, sai ka ƙara ɗigon ja, kusa da Madina kuwa harra ce, baƙin dutsen da aka gina tashar Anbariyya kanta da shi, ƙurar ta fi yin toka. Saman tukunya da rufin ɗakin direba, bayan bututu, hayaƙi ne ke sauka, nan ne kaɗai baƙi wuluk ke da gurbi. Allin zane mai launi da ka goga ya zama gari yana yin wannan aiki da busasshen burushi in ba ka son feshi. Daga ƙarshe goga bakin fensir 2B a ƙarfen riƙo da bakin matakala, ka murza da yatsa. Nan hannu da ƙafa suke cinye fenti, ƙarfe ya fito yana ɗan walƙiya. Sandunan ƙafafu su kaɗai za su yi maiƙo.

In kuwa so kake ka nuna waɗanda aka bari a jeji tun bayan hare-haren da mayaƙan Larabawa suka kai wa layin a 1917, irin wanda ke tsaye da taragunsa a tashar Buwair, wannan wani aiki ne daban. Tsatsarsu ba ja ba ce, ruwan ƙasa ce mai duhu kamar dabinon ajwa, a bushe, iska ta goge ta sumul.

Taragon kwal, kankare tudun robar da aka yi masa ko ka rufe shi. Daka gawayin turare, tankaɗe, ɗauki tsaka-tsakin, zuba, ka ɗiga farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa rabi da rabi, da ɗigon sabulun kwanuka don ya ratsa. In zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya kake nufi, itace za ka loda, domin kwal ya yanke wa layin a lokacin har aka koma sare bishiyoyi ana ƙonawa. Busassun tsinkayen reshe da ka faskara da reza sun yi. Yashin gaske kuwa kada ya yaudare ka. Ƙwayar rabin milimita a wurin jirginka dutse ce mai santimita huɗu, kuma ƙasar harra tana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da maganaɗisun mota zai janyo. In za ka zuba a gefen layi, tankaɗe shi da tsumma, ka bi shi da maganaɗisu, ka manne shi sosai kafin jirgi ya bi ta wurin.

Za ka ga wasu suna sa ɗan direba da mai zuba kwal a ciki. A gidajenmu ba kowa ke sakewa da mutum-mutumi ba, wannan kuma magana ce ta malamai, ba ta mai fenti ba. Ni labule nake sawa. Yanki tishu, jiƙa shi da wancan gam ɗin da ka tsinka, naɗe shi a ƙofar ɗakin direba, in ya bushe ka shafa masa launin tamfol. Ba mai lura cewa ɗakin wayam yake.

Wajen mayarwa, ɗigon mai ɗaya a bakin allura ga kowace mahaɗa, man da aka rubuta cewa ba ya cin roba, ban da man feshin da ake sassauta ƙusa da shi. In ka sauke fentin, turo mini hoto kafin ka fesa asas, musamman gefen hagu. Kamar na hango matakalar ɗakin direba ta tsage a ƙarƙashin yaɓen nan.